Mai Sunan Malam Ya Amsa

Ranar Asabar ce, ƙarshen bazara. Zafi tun da hantsi. Hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba.

Ran nan Bubayero ya kafa turakun iyaka a fadamar Mawashi. Bafillace ne, dattijo, yana da shanu yana kuma noma, gonarsa tana gabas da ta yayana marigayi Sodangi. Tsakanin gonakin akwai tsamiya, gaba da ita kamar taku arba'in akwai tsohuwar rijiya. Bubayero ya ce iyaka tsamiya ce. Iyatu, matar marigayi, ta ce rijiya ce. Abin da ke tsakanin tsamiyar da rijiyar kuwa shi ne inda ruwa ke kwanciya, nan Iyatu ke shuka shinkafar da take ci shekara. Sauran gonar jigawa ce, ko gero sai an lallashe shi.

Rigimar ba sabuwa ba ce. Shekara talatin da wani abu da suka wuce sun je gaban alƙali, aka yanke, aka ba Sodangi takarda. Da Iyatu ta ce takardar tana nan cikin adakarta, sai jikin Bubayero ya yi sanyi. Ya ce shi dai tsamiya ya tuna, amma ba ya musu da takarda. Ya tumɓuke turakunsa ya tafi.

Muka koma gida, Iyatu ta buɗe adaka. Gara ta riga mu. Abin da ta rage mana gefen hatimi ne, bai kai farce ba.

Na ce kowa ya ja bakinsa. Ran Litinin in je kotu in nemo kwafi, Bubayero bai san komai ba, magana ta mutu. Da an bi tawa, da babu abin ba da labari. Sai Lauya ya yi sallama.

Lauya mijin Lailatu ne, ɗiyar Iyatu. Sunansa na yanka Jafaru, wanda shi ne kuma sunan yankan Sodangi. Iyatu mutuniyar da ce, ba ta faɗin sunan mijinta, ko yana raye ko yana kabari, don haka surukin nata "Mai sunan Malam" take ce masa. Mutanen gari kuwa Lauya suke kiransa, tun shekara bakwai baya da ya ɓace wata uku ya dawo a rame, kai a aske ƙwal, ya ce kwas ya yi a ofishin wani babban lauya a Katsina. Askin wai don hular gashin nan ta lauyoyi ta zauna daidai. Hular ba mu taɓa gani ba. Tun daga nan ko awaki suka yi karo sai ya ce a ɗage zaman.

Ya dubi garin takardar da ke cikin adaka, ya yi dariya, ya zaro waya daga aljihu.

"Baba, zamanin zuwa kotu da ƙafa ya wuce. Duk shari'ar da aka taɓa yi a ƙasar nan tana cikin wannan. Kafin ku idar da alwala na fiddo ta."

Na ce masa na ga wayar, ban ga inda alƙali zai zauna a ciki ba. Ya ce abin da ke damun ƙauye ke nan, rashin wayewa. Lailatu ta ce, "Baffa, ku bar shi ya gwada mana." Iyatu ta sunkuyar da kai, kunyar suruki ta hana ta cewa a'a. Ni kuma na yi shiru. Wannan shirun shi ne rabona na laifi a cikin maganar.

Ran Lahadi aka fara. Wayar Lauya ba ta kama intanet a ƙasa. Ya ce ya auna garin nan kaf, wuri ɗaya ne sabis ke sauka sosai, shi ne reshen gabas na tsamiyar nan ta iyaka, wanda ya miƙa kan wurin shinkafa. Ya hau da babbar riga, wai ba a shiga harkar kotu da shigar banza. Kafin ya daidaita zama mutane sun taru a ƙasa, masu zuwa sharar gona sun ajiye fartanya, mata masu ɗiban ruwa sun sauke tulu.

Ya rubuta Sodangi. Waya ta kawo masa hoton wani mai gyaran babur a Zariya. Ya ce an kusa. Ya sake rubutawa, ta kawo wani ɗan dambe. Sai ya ce rubutu na ƙananan ma'aikata ne, manya da baki suke ba da umarni. Ya kanga wayar a baki ya daka mata tsawa, ya ce ta kawo shari'ar Sodangi da Bubayero ta fadamar Mawashi. Wata mace ta amsa daga ciki da Turanci. Lauya ya leƙo ƙasa ya ce ta ce a ɗan jira, alƙali ya shiga salla.

Malam Shehu, malamin firamarenmu, yana tsaye gindin tsamiyar. Ya ce shi abin da ya ji, cewa ta yi ba ta gane abin da aka faɗa ba.

"Malam, Turancin kotu daban, na aji uku daban," in ji Lauya.

Daga nan ya faɗa wani shafi da ya nemi lambar ƙara. Ya sa lambar wayarsa, shafin ya ƙi. Ya sa lambar babur ɗinsa, ya ƙi. Ya tambayi mutanen ƙasa ko akwai mai wata lamba. Sagir mai shayi ya ce akwai lambar takalminsa, arba'in da uku. Lauya ya sa ta.

Da abin ya ƙi, sai ya ce zai yi amfani da jama'a. Akwai wani dandali a waya da 'yan Mawashi na gida da na birni ke gaisawa a ciki, mutum ya fi ɗari biyu. Ya danna, ya gyara murya, ya yi sallama irin ta masu labarai a rediyo, ya ce ana cigiyar kwafin hukuncin gonar marigayi Sodangi, domin na wajen iyalinsa gara ta cinye shi tas, babu abin da ya rage. Na ɗaga sanda ina yi masa alama ya yi shiru. Ya ɗago mini hannu, ya ƙara da cewa ga ƙanen marigayin ma yana gaishe da kowa.

A reshen akwai gidan rina. Sun yi haƙuri da shi tun safe, amma da ya miƙe tsaye don saƙon ya tafi, ya dafa gidan. Abin da muka gani kawai babbar riga tana kaɗawa, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Ya sako jiki zai diro, rigar ta maƙale a reshe, ya tsaya yana lilo tsakanin sama da ƙasa kamar buhun da aka rataye don ɓera. Kowa na dariya, babu mai matsawa saboda rina. Bubayero ne ya zo wucewa da shanunsa, ya miƙa sanda ya zare rigar, Lauya ya faɗo tim.

"Sannu, likita," in ji Bubayero. "Ashe gara ta ci takarda?"

Ya kaɗa shanunsa ya wuce. Mutane suka tambayi Lauya mene ne kuma likita. Ya ce, da leɓe a kumbure, Fulani ba sa bambance lauya da likita, duk mai ilimi likita ne a wurinsu.

Litinin da safe turaku suka dawo. Mai gari ya kira mu. Ya ce shaidun wancan zama duk sun rasu, damina ta ƙarato, ƙasa ba ta jiran kowa. Ya ba mu zuwa Alhamis bayan azahar. In an kawo takarda, a bi takarda. In ba a kawo ba, bana Bubayero ne zai noma wurin. Iyatu ta dawo gida ta zauna kusa da buhun irin shinkafarta.

Na ɗauki hula na ce kotu za ni yanzu. Lauya ya tare ƙofa. Ya ce matsalar jiya ƙanƙantar waya ce, shari'ar shekara talatin ba ta shiga ƙaramin allo, sai kwamfuta. Ya roƙi a ba shi zuwa la'asar. Ya hau babur ya tafi Kusada, shagon masu buga takardu.

Da la'asar ya dawo yana hon tun daga bakin gari. Ya tsaya a teburin Sagir, inda ya san akwai mutane, ya ɗaga takardu sun kai arba'in, na farko da tambarin gwamnati, dawaki biyu da mikiya. Ya ce a aika a gaya wa Bubayero ya zo ya kwashe itacensa. Har wasu sun fara yi masa barka. Malam Shehu ya karɓa ya duba shafin farko, ya duba na biyu, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce shari'a ce kam, amma a Legas aka yi ta, tsakanin wasu kamfanoni biyu, a kan jirgin ruwa da ya ɗauko daskararren kifi ya ruɓe a hanya.

Sagir ya ce Allah ya jiƙan Sodangi, ashe har jirgi gare shi, ya mutu yana hawan jaki bai gaya wa kowa ba. Wani ya ce a duba ko an ambaci rabon ƙane, ni ma in samu ko kifi ɗaya.

Lauya bai ji kunya ba. Ya ce jahilci ne ke damun su. Fadama ruwa ce, teku ruwa ce, a shari'a duk abin da ya shafi ruwa babi ɗaya ne. Malam Shehu ya ce to a kai wa Mai gari haka. Lauya ya ce ba yanzu ba, sai an fassara. Takardun dai a wurin mai ƙosai suka ƙare, kwana uku ana naɗe ƙosai da hukuncin Legas.

Talata na ce ko da tsiya sai an je da ƙafa. Muka shiga mota da ni da Iyatu, Lauya ya biyo mu, wai kada a cuce mu da Turanci. A kotun Kusada magatakarda ya saurare mu da kyau, ya tambayi tsawon shekarun, ya ce shari'un yankinmu na wancan lokaci ba nan aka yi su ba, mu je Kankia, can tsofaffin littattafan suke. Magana ce ta minti biyu. Lauya ya mayar da ita ta awa biyu. Ya ce a buga musu waya su turo. Ya ce a duba ƙarƙashin tebur. Ya ce zai rubuta takardar koke. Da magatakardan ya sake cewa Kankia, sai na ga gumi ya keto wa Lauya. Ya ce kotun Kankia ba ta da tsari, hanyar ba kyau, kuma cikinsa ya fara murɗawa. Ya shiga bayan gida bai fito ba sai da aka tashi aiki. Talata ta tafi.

Na ce masa gobe Kankia, ko a makara ne sai an kai shi, tunda shi ya ce ya san hanya.

Laraba ya fito da baƙin gilashi, ya ja hula har gira, ya naɗe wuya da ƙyalle cikin wannan zafin. Ya ce shigar manyan lauyoyi ce in za su kotun da ba tasu ba. Ya kuma sa aka kama jan zakaran Iyatu, wai ba a zuwa wurin ma'aikata hannu rabbana. Zakaran ni aka ba riƙo.

Da muka isa, mutane na shiga ta ƙofar gaba, shi sai ya zagaya da mu ta baya, wata ƙaramar ƙofa mai ƙarfe, ba tare da ya tambayi kowa ba. Muka tsinci kanmu cikin ɗakin shari'a, ba a fara zama ba. Ya wuce kai tsaye ya shiga ɗan akwatin katakon nan da ake tsayar da mai laifi, ya haɗa hannuwa a baya. Sai da ɗan sandan kotu ya yi gyaran murya ya farga ya fito, ya ce duba ingancin katakon yake yi.

Ɗan sandan ya ƙura masa ido. "Kamar na san tsayuwar nan."

"Aiki ya sha kawo ni," in ji Lauya, ya ƙara jan hula.

Aka nuna mana ofishin magatakarda. Mutum ne mai furfura, fayil tuli a gabansa. Lauya ya karɓi zakara daga hannuna ya ɗora a tebur. Magatakardan ya ce nan ba a karɓar kaza, takarda ake cikewa, a sauke masa ita daga kan fayil ɗin mutane. Zakara ya dawo hannuna. A lokacin alƙali ya fara zama a ɗakin da ke kusa. Zakaran da tun Mawashi bai ce uffan ba, sai ya miƙa wuya ya yi cara. Ya ƙara. A ta uku ɗan sanda ya leƙo ya ce mai zakara ya fita. Haka na koma inuwar bedi a waje, da furfurata, ina rungume da kaza. Ni kaɗai ne a cikinmu mai iya faɗin sunan yayana, ni aka kora.

Abin da ya faru a ciki, Iyatu ce ta gaya mini daga baya.

Magatakarda ya tambayi wanda ya yi ƙara. Suka ce Bubayero. Ya tambayi wanda aka yi ƙara. Iyatu ta ce Malam. Ya ce Malam wa. Ta ja mayafi ta rufe baki. Ya ce to sunan mahaifinsa. Wannan kuma surukinta ne, ya fi na farko nauyi, ta ƙara sunkuyawa. Ya juya wurin Lauya. Lauya ya ce Sodangi. Magatakardan ya ce wannan laƙabi ne, kotu da sunan yanka take rubutu. Lauya ya ce shi ɗan mutunci ne, ba zai kama sunan surukinsa gatsal a gaban surukarsa ba, amma akwai dabara irin ta masu ilimi. Ya zaro katinsa na ɗan ƙasa ya ajiye a tebur, ya ɗora yatsa a kan sunan, ya ce a duba nan. Bai ce sunan farko kaɗai ba.

Aka tambayi shekara. Iyatu ta fara cewa da kakar da ta haifi Lailatu, Lauya ya katse ta, ya ce mata ba su san kwanan wata ba, a duba littattafan duka. Magatakardan ya fara daga na kusa. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya dubi katin, ya dubi littafin.

"Jafaru Salman, Mawashi?"

"Na'am," in ji Lauya.

Sunansa aka kira, ya amsa. Iyatu kuwa tana jin sunan farko ta kau da kai ta koma bakin ƙofa, ta ɗauka sunan mai neman kwafi ake rubutawa.

Magatakardan ya ce, "Kai ne mai shari'ar?"

"Ni ne da kaina. Daga farko har ƙarshe a hannuna take."

"Kuma kwafi kake so?"

"Da hatimi. Gobe za a karanta shi gaban jama'a."

Mutumin ya ajiye biro. Ya tambaye shi ko ya tabbata. Lauya ya ce so yake ƙauyen kaf ya ji, har da na maƙwabta. Aka cike takarda, aka bi ƙa'ida, bayan azahar kwafi ya fito. Magatakardan ya miƙa masa ya ce ya karanta kafin a rufe. Lauya ya ture, ya ce ba ya buƙata, ya san abin da ke ciki fiye da wanda ya rubuta.

"Wannan kam gaskiya ne," in ji magatakarda. Ya liƙe ambulan ya buga hatimi.

Lauya ya fito yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Ya ce in ga yadda ake aiki, da ya matsa musu har fayil ɗin da suka ɗauko sabo ne fil, ko ƙura babu. Na ce a kai wa Malam Shehu ya duba mana tun yau. Ya ce haram, hukunci mai hatimi in aka buɗe shi ba gaban hukuma ba, ya lalace. Ya cusa ambulan cikin riga, ya ce ko Lailatu ba za ta taɓa ba. Muna isa gida ya sa mai shela ya zagaya gari. Ya hau babur ya je har ƙauyen Boko ya gayyato abokansa.

Alhamis bayan azahar ƙofar Mai gari ta cika kamar ranar suna. Mata suna bayan zana. Iyatu na zaune gefe a kan tabarma. Bubayero ya zo shi kaɗai, ya jingina sandarsa ya zauna.

Lauya ya miƙe. Ya kira Mai gari "ya mai shari'a". Ya ba da labarin wahalar da ya sha, tsamiya ta zama ofishin intanet, rina suka zama 'yan adawa. Ya nuna Bubayero da ambulan ya ce yau ramin ƙarya zai ƙure. Ya nemi Bubayero ya faɗa gaban jama'a cewa ya yarda da duk abin da ke cikin takardar nan. Bubayero ya ce in daga kotu ta fito ya yarda. Sai Lauya ya miƙa wa Malam Shehu, ya ce ya ɗaga murya, kuma kada ya tsallake ko harafi ɗaya, tsallakewa raina kotu ne, akwai ɗauri a kai. Ya sa Mai gari ya tabbatar da wannan sharaɗi. Mai gari ya tabbatar.

Malam Shehu ya yage ambulan.

"Mai ƙara, Bubayero Hamma. Wanda ake ƙara, Jafaru Salman, Mawashi."

Nan na ɗago kai. Mahaifinmu ni da Sodangi sunansa Bishir. Salman uban Lauya ne. Shi kuwa gogan yana tsaye yana gyaɗa kai, yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya.

Malam Shehu ya ci gaba. Mai ƙara ya shaida wa kotu cewa lokacin da shanunsa ke kiwo wajen Rimaye, wanda ake ƙara ya zo masa da farar riga da jaka, ya ce shi likitan dabbobi ne, an turo shi rigakafi. Ya yi wa bajimin sansa allura da hantsi. Kafin la'asar sa ya mutu.

Kan Lauya ya daina gyaɗuwa. Ya ce, a hankali, a ɗage zaman.

Mai gari ya ce ba a tsallake harafi, akwai ɗauri a kai.

"Kotu ta tambayi wanda ake ƙara mene ne a cikin allurar. Ya ce ruwan zoɓo ne da ɗan maganin feshin wake. Kotu ta tambaye shi inda ya koyi aikin likita. Ya ce a waya ya gani."

Wurin ya ɓarke. Wani tsoho daga Boko ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. Malam Shehu ya jira aka lafa, ya karanta layin ƙarshe. Kotu ta yanke wa wanda ake ƙara wata uku a gidan yari. Ya faɗi shekarar. Kowa ya ƙirga da yatsa, bakwai cif.

"Ashe kwas ɗin makarantar kwana ce," in ji Sagir.

Wani ya ce shi ya sa aka yi masa askin hula kyauta. Daga bayan zana muka ji muryar Lailatu tana tambayar dambun naman da ta yi masa guzurin kwas, wa ya ci. Sagir ya ce ta tambayi gandirobobi.

Lauya ya ce takwara ne, suna ya zo ɗaya. Mai gari ya tambayi jama'a Jafaru Salman nawa ne a Mawashi. Aka ce ɗaya ne, ga shi tsaye. Lauya ya ce to kwamfutar Abuja ce ta haɗa fayil biyu. Malam Shehu ya ce da hannu aka rubuta littafin. Lauya ya ce makirci ne, Bubayero ya riga shi zuwa Kankia.

Bubayero bai yi dariya ba tun da aka fara. Ya ce, "Bajimina ya mutu, na yi shiru shekara bakwai, don surukin maƙwabcina ne. Ko matata ban gaya wa ba. Shi ya je ya ɗauko da hannunsa, ya tara mutane. Na bajimi kam na haƙura. Na gona ban haƙura ba."

Na miƙe na roƙi Mai gari ya ƙara mana zuwa Litinin. Ya ce ya ba mu kwana huɗu, mun kashe ɗaya a jirgin ruwa, ɗaya a bayan gida, ɗaya wajen ɗauko abin da ba a aike mu ba. Maganarsa ɗaya ce. Bana Bubayero zai noma daga tsamiya zuwa rijiya. In takardar gaskiya ta zo, a zauna bayan kaka.

Babu wanda ya sake dariya. Kowa ya san abin da wurin nan yake a tukunyar Iyatu.

Sai ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta tako har gaban Malam Shehu, ta ce ya ɗauki biro.

"Rubuta. Jafaru Bishir."

Shekara arba'in da ɗaya da aka kawo ta gidanmu, ban taɓa jin ɗayan sunayen nan biyu a bakinta ba. Ta ce a ba ni takardar in kai Kankia. Sannan ta nuna Lauya da haɓa, ba ta dube shi ba.

"Wannan kau a nemo mashi wani suna. Ya aje na Malam."

Sagir ya ce ai Bubayero ya riga ya raɗa masa tun ran Lahadi. Kafin a watse yara da manya Likita suke ce masa.

Ana kiran la'asar hadarin da ya yi kwanaki yana yi mana gwalo ya haɗu. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan shuka sosai.

Washegari da safe na sa takardar Malam Shehu a aljihu na bi ta fadama zan fita titi. 'Ya'yan Bubayero sun riga sun shiga da sungumi, suna shuka daga rijiya suna nufo tsamiya. Iyatu na tsaye a bakin jigawarta tana kallo. A sama, kan reshen gabas, ga Likita da babbar riga, ya ɗaga waya. Ya hango ni ya ce in koma gida in huta, yana ɗaukaka ƙara ne ta intanet, kafin in kai Kankia an gama.

Bubayero ya ɗaga kai ya ce masa reshen da yake kai bana a kan gonarsa yake, ya sauka ko ya sake reshe. Likita ya tattare riga, ya rarrafa ya koma reshen yamma, na gefen Iyatu. Can kuwa babu sabis. Na kai titi na waiwaya, yana nan zaune da hannu a sama.